Motar tarkon ɓera: yadda za ta yi nisa ba tare da ta karkace ba

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada, Kaduna. An ce ɗalibanmu su kawo motar da tarkon ɓera kaɗai zai tura, wadda ta fi nisa ita ta ci gasa. Mun haɗa guda biyu. Ta farko zabura take yi, ƙafafunta su yi ta sulɓi, ta yi mita uku ta tsaya. Ta biyu mun sa mata doguwar sanda, sai ta tashi a hankali ta mutu a hanya, sandar na tsaye zaren bai ƙare ba, kuma kullum hagu take ja. Saura mako uku. Me za mu gyara?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Mako uku ya isa. Matsalar motocin nan biyu tushenta ɗaya ne, kuma in yaran suka gane shi sauran aikin awo ne kawai. Ƙarfin da ke ajiye a sifirin ɗin ƙaramin tarkon ɓera bai wuce jul ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba. Jul ɗaya shi ne abin da za ka kashe ka ɗaga abu mai nauyin giram 100 sama mita ɗaya. Iya jarin ke nan, ba a ƙara shi. Motar farko ta zubar da shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, yawancinsa ya tafi a sulɓi. Ta biyu kuma an tsinka shi ƙanana-ƙanana har abin da ke isa ƙafa ya kasa rinjayar gugar da ke jikin motar. Abin da ake nema yana tsakanin biyun, kuma ya fi kusa da ta biyu.

Kafin a yanka komai a sake karanta takardar ƙa'idar gasar. A duba girman tarkon da aka yarda da shi, ko an halatta yanke ƙarfen da ke faɗa wa ɓera, ko akwai iyakar tsawon mota, da yadda za a auna nisa: a miƙe daga layin farawa, ko kuwa in mota ta fita daga hanyar da aka shata an daina ƙirga mata. Wannan na ƙarshen shi zai nuna maka irin muhimmancin gyaran jan hagun nan.

Tarko kuwa sabo za a saya. Kada wani yaro ya ɗauko wanda ya taɓa kama ɓera a gida, domin ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, ba abin wasa ba ne. A nemi ƙaramin, mai tsawon kamar santimita 10 da faɗin 4 zuwa 5. Babban na gafiya yana iya karya yatsan yaro, kada ya shigo aji. Mai gindin katako ya fi sauƙin mannawa, amma na ƙarfe ma yana yi in an ɗaure shi da ƙananan noti. A sayi uku ko huɗu a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, don ƙarfin sifirin ɗinsu ba ya zama ɗaya ko da kamfani ɗaya ya yi su. A ware mafi ƙarfi don ranar gasa, a yi gwaji da sauran.

Yanzu lissafi, kuma shi ne zuciyar aikin. Ƙarfen tarko rabin da'ira yake juyawa, digiri 180. In aka ɗaura masa sanda mai tsawon santimita 25, bakin sandar zai tashi daga baya ya kwanta a gaba, ya ja zare ninki biyu na tsawonsa, wato santimita 50. Zaren nan a naɗe yake a jikin shaf na baya, ƙarfen da ƙafafun ke manne da shi. Shaf mai kaurin milimita 4 kewayensa santimita 1.26 ne, don haka zaren santimita 50 zai juya shi kusan sau 40. Faifan CD, wanda shi ne ƙafar motar, faɗinsa santimita 12, kewayensa santimita 37.7, kowane juyi ɗaya motar ta ci wannan tazarar. Juyi 40 ya ba da mita 15. A taƙaice: a raba faɗin ƙafa da kaurin shaf, a ninka da tsawon zare. Milimita 120 a raba da 4 ya ba da 30, sau rabin mita, mita 15. In shaf ɗin milimita 3 ne, mita 20 ke nan a takarda.

A takarda na ce, domin ga inda motarku ta biyu ta faɗi. Jul ɗaya in aka shimfiɗa shi a kan mita 15, turin da motar ke samu bai kai niyuton 0.07 ba. Wannan daidai yake da nauyin giram 7, bai kai nauyin takardar A4 guda biyu ba. Duk gugar da ke cikin motar, ta shaf da mazauninsa, ta ƙafa da ƙasa, ta gefen faifai da jikin firam, dole jimlarta ta gaza wannan ɗan turin. In ta kai shi mota ta tsaya, ko da sifirin bai gama sakin ƙarfinsa ba. Kuma ba banza ta mutu sandar na tsaye ba. Sifirin ya fi ƙarfi a farko, yana raguwa yayin da yake warwarewa. A can ƙarshe kuma, da sandar ta kusa kwanciya a gaba, zare kaɗan take ja a kowane digiri, sai jan ya sake yin ƙarfi. Wurin da ya fi rauni shi ne daga tashin sanda zuwa lokacin da ta kusa miƙewa tsaye, ga shi a daidai nan ne sifirin ke ɗauke da nauyin sandar kanta yana hawa da shi. Duk motar da ta wuce wannan gaɓar za ta ƙarasa.

Saboda haka kada a fara da doguwar sanda. A fara da santimita 20 zuwa 25 a kan shaf mai milimita 4, a tabbatar mota na cinye zarenta duka sau biyar a jere, sannan a riƙa ƙara tsawo da santimita biyu-biyu har a ga ta fara jan ƙafa a tsakiya, sai a koma baya mataki ɗaya. Motar da ke tafiya kamar za ta tsaya amma ba ta tsaya ba, ita ce ke cin gasar nisa. Yara ba sa son ganin haka, sun fi son mai gudu, sai an nuna musu da tef ɗin awo.

Sandar ta zama mara nauyi kuma wadda ba ta lanƙwasa. Ƙarfen tsohuwar lema yana yi, haka eriyar tsohuwar rediyo, ko tsinken tsire na gora guda biyu da aka haɗa aka naɗe da zare. Wadda ke lanƙwasa tana cinye wani abu daga jan zaren. A ɗaura ta a gefen ƙarfen tarkon da ƙafar sifirin ke dannawa, ba ɗaya gefen ba, in ba haka ba ƙarfen zai murɗe. A tura gindinta har ya kai jikin sifirin, a ɗaure wuri uku da siririyar waya, a bi da gam ɗin Araldite. Daga sifirin ake auna tsawon sanda, ba daga bakin tarko ba. In ƙa'ida ta yarda, a cire ɗan faifan da ake sa abinci da ƙarfen da ke riƙe tarkon da filaya, nauyi ne kawai.

Wurin zaman tarko a kan firam ba a yin sa da ka. Tazarar da ke tsakanin sifirin da shaf na baya ta zama daidai da tsawon sanda, yadda in aka janyo sandar baya bakinta zai tsaya a saman shaf ɗin cif. In ya zarce ko ya gaza, zaren zai fara ja a karkace kuma ba za a samu ninki biyun nan ba. Wannan na nufin duk lokacin da aka sauya tsawon sanda sai an matsar da tarko, don haka a lokacin gwaji a ɗaure shi da roba ko waya, kada a manne shi sai an gama yanke shawara.

Firam ɗin sanduna biyu ne masu tsawon kamar santimita 40, tsakaninsu santimita 8, da 'yan gicciye uku. Yaran da suka taɓa yin motar kara sun riga sun san aikin. Busasshen karan dawa miƙaƙƙe ba shi da nauyi kuma yana da tauri a tsaye, sai dai yana murƙushewa in an matse shi da waya, kuma samun biyu masu miƙewa ɗaya sai an tona. Wanda ya fi tabbas shi ne a sa kafinta ya tsaga farin katako mara nauyi, santimita ɗaya a kowane gefe. Kwali ba ya yi, jan zare na lanƙwasa shi, shaf ya goce. A yi ƙoƙari duk motar kada ta wuce giram 150. Faifan CD ɗaya wajen giram 15 ne, huɗu sun cinye 60 tun ba a je ko'ina ba, shi ya sa wasu ke sa ƙafa ɗaya tak a gaba. Yana rage nauyi, amma saita ta ya fi wuya, ban ba da shawararsa ga masu mako uku ba.

Ga shaf, sandar walda mai milimita 3.2 da aka kankare mata ɓawo aka goge da samfefa mai laushi tana yi sosai. Wayar ƙafar keke milimita 2 ce, ta yi siriri ga shaf na baya, tana lanƙwasa in zare ya ja, amma ta dace da gaba. Mafi kyau duka shi ne sandunan ƙarfe masu sheƙi da ke cikin matacciyar firinta, in an dace da sirara a wajen masu kayan gwangwan a Panteka. Kowanne aka samu a mirgina shi a kan gilashi. In yana ɗingishi a ajiye shi, ba ya gyaruwa.

Mazaunin shaf shi ne inda aka fi asarar ƙarfi. Abin da aka saba yi shi ne a zura shaf cikin dogon bututun biro, to amma dogon bututu in ya ɗan karkace kaɗan sai ya riƙe shaf. A yanka gajeru biyu, santimita ɗaya-ɗaya, ɗaya a kowace sandar firam, a zura shaf ɗin a cikinsu tun gam bai bushe ba don su daidaita da juna. Wanda ya fi wannan shi ne ɗan fallen gwangwanin madara da aka huda, ramin ya fi shaf da kamar rabin milimita, aka goge bakinsa ya yi sumul. Kada a sa giris ko man inji. A irin wannan ɗan ƙarfin, kaurin man kansa birki ne, ga shi yana kama ƙura, balle in gasar ta faɗo cikin hunturu. A goga bakin fensir mai laushi, 2B ko sama, a jikin shaf da cikin ramin, ya wadatar. In an sami ƙananan boris, malami da kansa ya wanke giris ɗin cikinsu da kananzir, a bar su su bushe. Tsakanin ƙafa da firam a sa ƙaramar washa, a bar wasan milimita ɗaya. In babu wannan, gefen faifai zai riƙa shafar katako, kuma sau da yawa ba a jin ƙararsa, sai dai a ga mota ta gaza.

Ramin tsakiyar CD milimita 15 ne, shaf kuma 3 ko 4, to cike wannan giɓin a tsakiya cif shi ne aikin da ya fi bukatar haƙuri. Marfin gorar ruwa yana yi: da yawansu suna da ɗan tabo a tsakiya daga wajen ƙira, a huda nan da ƙusa mai zafi wadda ta fi shaf siranta, a manna marfi ɗaya a kowane gefen faifan. Ko a yanko toshi daga tsohon silifas a cusa a ramin. A yi amfani da gam mai jinkirin kamawa, a juya ƙafar a hankali ana kallon bakinta ta gefe, a gyara har ta daina rawa, sannan a bar ta ta kwana. Sufa gulu ba ya ba da wannan damar. Ƙafafun baya dole su kama shaf gam, in shaf na juyawa a cikinsu an yi aikin banza. Maganin sulɓi kuma balan-balan ne: a yanke kai da wuya, a ɗauki zoben tsakiya a shimfiɗa a bakin faifan. Na baya kaɗai za a sa wa, na gaba ba sa tura komai, roba a jikinsu ƙarin guga ce.

Zare ya zama siriri mara miƙewa. Zaren masu gyaran takalmi yana yi, na ɗinkin kaya yana tsinkewa, na fatsa mai santsi kuma ba ya kwanciya a shaf. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙulle zaren a jikin shaf. In an yi haka, da zare ya ƙare sai ya fara naɗuwa ta ɗaya gefen, ya finciko motar ta tsaya, har ta ɗan dawo baya. A dasa 'yar ƙugiya a tsakiyar shaf, guntuwar waya da ta fito milimita 2 zuwa 3 an kafe ta da Araldite, a yi ɗan zobe a bakin zaren a rataya. Tsawon zaren ya tsaya daidai ƙugiyar lokacin da sanda ke kwance a gaba, yadda zai zame da kansa motar ta ci gaba da gangarawa. Wannan gangarawar kyauta ce, takan ƙara mita ɗaya ko fiye a ƙasa mai santsi. Wajen naɗi, ɗaya ya ɗaga sanda a hankali, ɗaya ya juya ƙafafun baya ta baya, zaren na kwanciya layi-layi a matse. In ya hau kan juna kaurin shaf ya ƙaru ke nan, lissafin ya ɓaci, wani lokaci ma ya sarƙe.

In mota na wahalar tashi daga tsaye, a naɗa baƙin tef na masu wayarin a wani ɓangare na shaf har kaurinsa ya kai milimita 7 ko 8, a sa naɗin ƙarshe guda huɗu ko biyar su hau kansa. Su za su fara warwarewa, su ba motar ƙarfin tashi kamar giya ɗaya a mota, sannan zaren ya sauko kan siririn wuri. Haka za a iya yi wa gaɓar tsakiyar nan mai rauni in an lura a naɗi na nawa take faɗowa.

Jan hagu daga rashin daidaiton shaf biyu yake zuwa, kuma ɗan kaɗan ya isa. A motar da tsakanin shaf na gaba da na baya santimita 35 ne, faɗin firam santimita 8, in gefe ɗaya ya fi ɗaya gajarta da milimita ɗaya kacal, motar za ta bi da'ira mai nisan mita 28 daga tsakiyarta, kafin ta yi mita 10 ta kauce kusan mita biyu. Mota na karkata ne zuwa gefen da shaf biyu suka fi kusa da juna, don haka taku gefen hagu ne gajere. Ido ba ya ganin milimita ɗaya, ruler ma da ƙyar. Abin yi shi ne kada a manne mazaunin shaf na gaba a jikin firam kai tsaye. A ɗora shi a kan wani ɗan katako daban, a kafa shi da noti ɗaya a tsakiya yadda zai iya juyawa, a saita da gwaji, a ja layi da biro a inda ya yi daidai, sannan a ɗaure. In an yi haka tana nan tana ja, a duba ko robar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, ko firam ya murɗe har ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai. A ɗora motar a kan tebur mai gilashi a tura takarda ƙarƙashin kowace ƙafa, wadda takarda ta shige ba turjiya ita ce a sama.

Akwai gwaji biyu da nake ganin sun fi komai amfani ga ɗalibai, don su ne za su ba su abin faɗa a gaban alƙalai. Na farko ba ya bukatar tarko. A jingina falanki mai tsawo yadda motar za ta sauko daga tudun santimita 10, a sake ta ba turi, a auna inda ta tsaya daga inda ta taso. A raba tudun da nisan: in ta yi mita 3, sakamakon 0.033 ne. A ninka da nauyin motar, misali giram 130 wato kusan niyuton 1.3, a sami niyuton 0.043. Gugar motar ke nan. Duk gyaran da aka yi wa shaf ko ƙafa a maimaita wannan, in nisa ya ƙaru gyaran ya yi, in ya ragu a warware shi. Na biyu, a ɗauko ma'aunin sifirin na ɗakin gwaji a maƙala a bakin sanda, a ja shi a gicciye da sandar, a rubuta abin da ya nuna a digiri 0, 45, 90, 135 da 180. A fitar da matsakaicinsu, a ninka da tsawon sanda a mita, a ninka da 3.14, abin da ya fito shi ne jul ɗin tarkonku na gaskiya. In ya ba da 0.8, a raba da 0.043, a sami kimanin mita 18 da rabi. Wannan ne iyakar abin da motar za ta iya, kuma daga nan za a san ko sanda za a ƙara ko guga za a rage. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a yi gudu uku, a rubuta a littafi.

Makon farko a gama firam da ƙafafu, ana gwajin gangara kaɗai. Na biyu a ɗora tarko a nemo tsawon sanda. Na uku kada a ƙara sabon abu, saiti ne da koyon naɗi, kuma yaro ɗaya ne zai riƙa naɗawa kullum don hannu ya saba. In da hali a gwada a irin daɓen da za a yi gasar a kai, domin motar da aka saita a kan tarazo ko tayil tana iya mutuwa a kan siminti mai kaushi, ramukan tsakanin tayil ma suna cin ƙarfi. Saboda haka a tafi da tef ɗin nan na ƙara kaurin shaf, shi ne gyaran da ake yi cikin minti biyu.

Ranar gasa a ɗauki motar a kwali, firam na zaune a kan wani abu ƙafafun na lilo, kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe, zafi na lanƙwasa faifai ya kuma tsinka balan-balan. A riƙe zare biyu da aka riga aka auna, da balan-balan, da fensir, da tarko na biyu. A roƙi a share hanya a kashe fanka, a goge robar ƙafafun da ɗanyen tsumma a bar ta ta bushe. Kada a ɗana tarkon sai an kira sunan makarantarku. Wajen saki, yaron ya danne bakin sanda da fensir daga sama, ya ɗaga fensir ɗin a miƙe ba tare da ya taɓa motar ba, sauran kuma su janye fuska da yatsu daga hanyar da sandar za ta bi.